Gidan da sankarar tumbi ta shiga sau biyu

A ƙasar Kabi, daga Kamba har Yawuri, duk wanda ya haura arba'in yana fama da ciwon ciki, sunan ciwonsa olsa tun kafin likita ya sa masa ido. Shi zai raɗa wa ciwon suna, uwargida ta amince, mai kemis ya sa hannu. Sau da yawa kuma sun yi daidai, gyambon ciki ne ko kumburin fatar tumbi. Sai dai a cikin wannan taro na masu olsa akwai 'yan ƙalilan da sankarar tumbi ce ke cin su, a cikin 'yan ƙalilan ɗin kuma akwai waɗanda mahaifinsu ko yayarsu irin wannan ramar suka yi kafin Allah ya karɓi abinsa. Waɗannan gidaje su ne damuwata. Abin da masana suka gano cikin shekaru talatin da suka wuce game da alaƙar gado da wannan cuta ya isa ya ceci wasunsu, da kuɗin da bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba, amma har yau ilimin bai iso zaurukanmu ba.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kullum wasu na mutuwa, wasu na rabuwa biyu suna cike gurbi. Fatar da ta shimfiɗe cikin tumbi tana cikin masu saurin sabuntawa, cikin 'yan kwanaki take sake kanta saboda ruwa mai tsami da take zaune a ciki. Duk sanda ƙwaya za ta rabu sai ta kwafe rubutun halittar da ke cikinta, wato DNA, kwafi kuwa ba ya rasa tuntuɓen alƙalami. Allah cikin hikimarsa ya sanya wasu ƙwayoyin gado a cikin rubutun nan waɗanda ba su da aiki sai hana ɓarna. Wasu suna gyara kuskuren, wasu suna tsayar da ƙwayar da ta lalace don kada ta ci gaba da yaɗuwa, idan gyara ya gagara su sa ta kashe kanta. Su ake kira masu danne ƙari. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce TP53, wadda aka gano furotin ɗinta a 1979, kuma idan aka bincika ƙarin sankara iri-iri, kusan rabinsu za a tarar ta lalace a ciki.

Kowace irin wannan ƙwayar gado kwafi biyu muke da ita, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A 1971 wani likita Ba'amurke, Alfred Knudson, yana nazarin sankarar ido da ke kama ƙananan yara, ya lura cewa sai kwafin biyu sun lalace a ƙwaya guda kafin ƙari ya samu hanya. Ɗan kabu-kabu ya san wannan lissafi: babur birki biyu gare shi, na hannu da na ƙafa. Wanda ya fito gida da duka biyun lafiya, sai tsautsayi ya haɗu da tsautsayi kafin ya rasa abin tsayawa. Wanda ya fito da na ƙafa a mace, zai iya yin shekaru yana aikinsa lafiya lau, amma ranar da wayar na hannun ta tsinke ba shi da madogara. Mutumin da ya gaji kwafi guda a lalace haka yake. Ba a haife shi da sankara ba, an haife shi da rabin kariya, shi ya sa cutar ta fi saurin samunsa kuma takan zo masa da ƙuruciya.

A nan akwai abin da mutane ke haɗawa alhali daban yake. Mafi yawan lalacewar da ake gani a ƙwayoyin gadon mai sankara ba gadonta ya yi ba, a rayuwarsa ta same shi, kuma ba zai ba 'ya'yansa ita ba. Hayaƙin taba na yin wannan ɓarna. Gubar afulatoksin da ke fita daga funfunar gyaɗa da masarar da aka adana da danshi tana da wani gurbi takamaimai da take sara a jikin TP53 a cikin hanta, har masu bincike a Gambiya da Sin sun mayar da wannan sara shaidar cewa gubar ta bi ta wurin. Abin da muke ci da sha yana iya taɓa rubutun halittarmu. Wanda ake gada daga iyaye kuma kashi biyu ne: akwai mai nauyi wanda ba a cika samunsa ba, akwai mara nauyi wanda ya cika gari.

Labarin mai nauyin ya fito ne daga wani babban dangi na ƙabilar Mawori a ƙasar Niyuzilan. Cikin shekara 30 mutum 25 na dangin suka mutu da sankarar tumbi, yawancinsu matasa, har da mai shekara 14. Wasu a cikinsu sun ɗauka la'ana ce ke bin zuri'ar, kamar yadda a nan za a ce jifa ne ko sammu. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar dangin, Maybelle McLeod, ta ƙi tsayawa a nan. Ita da 'yan uwanta suka bi gida-gida suna rubuta salsalar dangi, wa ya haifi wa, wa ya rasu da me, yana shekara nawa, sannan suka nemi masu bincike na Jami'ar Otago. A 1998 Parry Guilford da abokan aikinsa suka sanar da abin da suka gano: lahani a ƙwayar gado mai suna CDH1, wadda ke samar da sinadarin da ke manne ƙwayoyin fatar tumbi da juna. Idan mannin ya kwance, ƙwayoyin sankara ba sa taruwa su yi dunƙule da za a gani, sai su watsu ɗaya-ɗaya a cikin bangon tumbin har ya yi kauri ya sandare. Shi ya sa ko da na'urar leƙa ciki ana iya wuce ta ba a gani ba.

Wanda ke ɗauke da wannan lahani, kowane ɗa ko 'ya da ya haifa yana tsakanin gada da tsira rabi da rabi. Wata ƙididdiga ta 2015, wadda aka yi a dangogin da cutar ta fi yi wa ɓarna, ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na maza da kashi 56 na mata masu lahanin za su kamu kafin shekara 80. Wani bincike na 2019 ya sauko da adadin zuwa wajen kashi 42 da 33. Ko da wanne aka ɗauka, ba ƙaramin abu ba ne, ga kuma wani nau'in sankarar mama da ke bin matan. Abin da likitoci ke ba irin waɗannan shawara yana da ɗaci: a cire tumbin gaba ɗaya tun da lafiya, a haɗa maƙoshi da hanji, mutum ya koma cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, yana karɓar allurar bitamin B12 har ƙarshen rayuwa. 'Yan dangin nan da yawa sun yi hakan, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya, sun ga jikoki. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne mafarinsa. Kafin a taɓa wata na'ura, mata ne suka zauna da takarda da biro suna tambayar tsofaffi. Mu da muke iya jero kakanni bakwai a zaure guda idan maganar sarauta ko gona ta taso, wannan aikin bai fi ƙarfinmu ba.

Amma kada tsoro ya wuce gona da iri. A cikin masu sankarar tumbi goma, kusan ɗaya ne ake samun wani a danginsa ya yi ta, waɗanda kuma aka tabbatar lahani guda mai nauyi suka gada ba su wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari ba. To sauran gidajen da cutar ta shiga sau biyu fa? 'Yan gida ɗaya ba jini kaɗai suka haɗa ba. Sun haɗa randa, sun haɗa akushi, sun haɗa rijiya da makewayi, kuma ta nan wata ƙwayar cuta ke bi tun suna yara.

Sunanta Helicobacter pylori, a taƙaice H. pylori. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka raino ta a ɗakin gwaji a 1982, a lokacin da duniya ta yarda cewa damuwa da yaji ne ke kawo gyambon ciki. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ƙwayar a 1984, cikin kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Tun 1994 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa wannan ƙwaya a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Tana shiga yaro ta baki, ta zauna a tumbinsa shekara talatin, arba'in, hamsin, tana hura kumburi a hankali. Fatar tumbin ta sirance, ta sauya kama, a wasu mutane ta rikiɗe. Nau'inta mafi muni yana tura wani sinadari cikin ƙwayoyin tumbi wanda ke raunana aikin p53, wato furotin ɗin da TP53 ke samarwa, kumburin da take jawowa kuma yana iya rufe bakin CDH1 ko da mutum ya gaje ta lafiya ƙalau. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya kiyasta cewa kusan kashi 88 cikin ɗari na 'yan Najeriya na ɗauke da ita, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Mafi yawansu ba za su taɓa yin sankara ba, masu yi ba su wuce ɗaya zuwa uku cikin ɗari ba. Amma ɗaya cikin ɗari na jama'a mai yawan tamu ba ƙaramin taro ba ne.

Binciken da ya tsayar min da ra'ayi an wallafa shi a 2023, daga Japan. An duba jinin masu sankarar tumbi sama da dubu goma, aka gano ƙwayoyin gado tara da lahaninsu ke ƙara haɗari, har da BRCA1 da BRCA2 waɗanda aka fi sani da sankarar mama, da ATM da PALB2, dukansu masu gyaran DNA. Sai aka tambayi abin da ya kamata a tambaya: idan mai lahanin yana da H. pylori fa, idan ba shi da ita fa? Wanda ke da lahani a ɗaya daga cikin masu gyaran nan huɗu kuma yana da ƙwayar cutar, haɗarinsa zuwa shekara 85 ya kai kashi 45.5 cikin ɗari. Mai ƙwayar cutar da bai gaji lahani ba, kashi 14.4. Wanda ba shi da ƙwayar cutar kuwa, ko ya gaji lahanin ko bai gada ba, haɗarinsa bai kai kashi 5 ba. Waɗannan alƙaluman Japan ne, inda cutar ta fi yawa nesa ba kusa ba, ba za a ɗora su a kan mutumin Jega yadda suke ba. Darasin dai ya ratsa kowace ƙasa. Ban da lahani irin na CDH1 wanda ke iya aikinsa shi kaɗai, raunin da aka gada yakan jira abokin ɓarna, abokin ɓarnar kuma ana kashe shi da maganin mako biyu.

An ma gwada hakan kai tsaye. A Koriya ta Kudu an ɗauki mutum kusan 1,700 masu H. pylori waɗanda iyayensu ko 'yan uwansu na jini suka yi sankarar tumbi, aka ba rabi magani, rabi aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Bayan kimanin shekara tara, a sakamakon da aka fitar a 2020, kashi 1.2 na waɗanda aka yi wa magani ne suka kamu, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 2.7. An rage haɗarin fiye da rabi ba tare da an yi wa kowa gwajin ƙwayar gado ba. Tambaya guda aka yi musu, ko wani naka ya yi wannan ciwo, sai gwaji mai sauƙi, sai magani.

Yanzu mu dawo gida mu ga yadda abin ke gudana. Ka tsaya a shagon kemis a bakin kasuwa bayan la'asar. Dattijo zai shigo, rigarsa ta yi masa yawa, hular ma kamar ta aro, ya dafa ƙasan ƙirjinsa. Yaron shagon zai ce, "Baba, mi ka damunka?" Ya ce, "Olsa ta, ɗana, ta tashi min tun azumi. Loma biyu in na yi sai in ji na ƙoshi." Yaron ya miƙa hannu ba tare da ya waiwaya ba, ya ciro sacet ɗin omeprazole da kwalbar farin magani mai kauri, ya ƙara da diclofenac saboda Baba ya ce gwiwa ma na ciwo. Baba ya kwance bakin aljihu ya biya, ya yi godiya. Maganin zai yi aiki, zafin zai lafa, kuma nan ne matsalar take, domin maganin rage tsamin ciki yana kwantar da zafin sankara kamar yadda yake kwantar da na gyambo. Diclofenac ɗin kuma da kansa yana ƙwarzane tumbi. Haka za a yi wata shida, a haɗa da jiƙon kanwa da madarar gwangwani da sassaƙe, har ranar da amai zai ƙi tsayawa ko bahaya ta koma baƙa ƙirin kamar kwalta. Ranar za a nemi mota zuwa Birnin Kabi ko Sakkwato, a sayar da buhunan shinkafa ko ɗan sa, likita ya duba ya kira babban ɗa gefe.

Ban ga laifin yaron shagon shi kaɗai ba, babu wanda ya taɓa koya masa cewa maganar "loma biyu na ƙoshi" a bakin dattijon da ke ramewa ƙararrawa ce. Alamomin ba su da wuyar riƙewa. Rama ba dalili, saurin ƙoshi, amai mai naci ko mai jini, baƙar bahaya, abinci na tsayawa a ƙirji, jini na ƙarewa har tafin hannu ya yi fari, ko ciwon ciki sabo a mutumin da ya manyanta. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan, wurinsa gaban likitan da zai zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki ya leƙa tumbin, ya ɗebo ɗan nama a gwada. A Koriya ta Kudu tun 1999 ake gayyatar 'yan shekara 40 zuwa sama a duba su duk shekara biyu, shi ya sa a can da Japan fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu cutar ke wuce shekara biyar a raye, alhali a yawancin duniya adadin na tsakanin 20 zuwa 30. Cutar ɗaya ce, lokacin ganinta ne ya bambanta.

Na san abin da wasu likitocinmu za su ce, kuma maganarsu tana da tushe. Za su ce sankarar tumbi ba ta da yawa a nan idan aka kwatanta da ta mama, ta bakin mahaifa, ta mafitsarar maza da ta hanta. Wannan muhawara ma a Arewa aka haife ta. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya ga kusan kowa na da H. pylori amma sankarar ba ta kai yadda ake zato ba, a 1992 ya rubuta cewa wannan abin al'ajabi ne na Afirka. Tun daga nan ake ta kawo dalilai. Wasu sun ce tsutsar ciki da yaranmu ke fama da ita tana sassauta irin kumburin da jiki ke yi. Wasu sun nuna misalin Kolombiya, inda mutanen bakin teku masu asalin Afirka da mutanen kan duwatsu suke da ƙwayar cutar kusan daidai, amma na duwatsun suka ninka su wajen sau 25 a sankarar, aka ce ƙwayar da ta daɗe tare da jinin mutanenta ta fi yi musu sauƙi. Wasu kuma suka ce babu wani al'ajabi, mutanenmu ne ke mutuwa a gida ba a leƙa cikinsu ba, wasu kuma ba sa kai shekarun da cutar ta fi kamawa.

Mai yiwuwa kowanne na da kaso na gaskiya. Ni dai ba zan kwanta a kan alƙaluman da aka tara daga waɗanda suka iya kai kansu asibitin koyarwa ba, alhali na san yadda ake rufe mutum a ƙauye da "ciwon ciki ne ya yi ajalinsa". A duniya, a 2022 kaɗai mutum wajen 968,000 suka kamu, wajen 660,000 suka mutu. Wani hasashe da hukumar Lyon ta fitar a 2025 ya ce a cikin yaran da aka haifa daga 2008 zuwa 2017, miliyan 15.6 za su yi wannan cuta a rayuwarsu idan ba a sauya komai ba, kashi 76 cikin ɗari saboda H. pylori, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda adadin zai fi ninkuwa saboda yawan haihuwa da ƙaruwar tsawon rai. Waɗannan yaran su ne ke firamare da sakandare a Argungu da Zuru yau.

Ba ina cewa a bi kowa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Inda kusan tara cikin goma ke ɗauke da ita, ruwan sha kuma bai gyaru ba, yin haka zai ƙone kuɗi ya kuma ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Tuni Flagyl, wanda muke sha kamar gyaɗa duk sanda ciki ya murɗa, ya daina kashe H. pylori a mutane da yawa a ƙasar nan. A fara da waɗanda hujja ta fi ƙarfi a kansu: 'ya'ya da 'yan uwan duk wanda aka tabbatar ya yi sankarar tumbi, sai masu ciwon ciki mai naci. A yi musu gwajin bahaya ko na numfashi, domin gwajin jinin da ya cika ɗakunan gwajinmu ba ya bambanta ƙwayar da ke nan da wadda ta riga ta tafi. A gaya musu su ajiye omeprazole mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba zai ɓoye ta. A ba su magani cikakke, su shanye, a sake gwadawa bayan wata guda. A gaya musu gaskiya game da taba, da gishirin da muke zubawa a kan dunƙulen magi da ya riga ya ƙoshi da gishiri, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce a yini giram 5 ne, kimanin ƙaramin cokali guda.

Gwajin ƙwayoyin gado kuwa, akwai dalilin da ya sa ban sa shi a gaba ba, kuma dalilin yana ba ni haushi. Ka ɗauki bambancin nan mara nauyi da na ce ya cika gari. A gurbi na 72 na furotin p53 mutane sun kasu biyu, nau'i ɗaya ya fi yawa a Turai, ɗayan ya fi yawa a cikinmu mazauna kusa da tsakiyar duniya. An yi nazari da yawa a kan ko wannan na ƙara haɗarin sankarar tumbi, sakamakon ya yi ta saɓawa juna, yawancinsu kuma a Asiya da Turai aka yi su. Akwai wani bambancin a gurbi na 47 wanda kusan a jinin 'yan Afirka kaɗai ake samunsa, wanda masu bincike a Amurka suka nuna yana rage wa p53 wani ɓangare na ƙarfinta. A manyan nazarce-nazarcen ƙwayoyin gado na duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka duba Turawa ne, masu asalin Afirka ba su wuce kashi 2 ko 3 ba, alhali mu muka fi kowa yawan bambancin halitta. Don haka Bakabe ko Badakkare zai iya biyan kuɗi mai yawa a aika yawunsa ƙasar waje, takarda ta dawo ta ce an ga wani canji amma ba a san ma'anarsa ba. Ya sayi fargaba da kuɗinsa. Maganin wannan shi ne jami'o'inmu da asibitocin koyarwa su shiga binciken da kansu, da izinin mutane da saninsu, sakamakon kuma ya dawo ga masu jinin.

Akwai kuma abin da nake tsoro ya fi tsada. Mun ga yadda gwajin jinin sikila kafin aure, duk da alherinsa, ya sa wasu ke yi wa mai AS kallon mara lafiya. Idan aka ji cewa sankara na bin gidan wane, gobe za a fasa neman 'yarsu, su kuma su koyi ɓoyewa, ɓoyewar kuma ita ke kisa. Dole duk wanda zai yi wannan wa'azi ya faɗi cikonsa: rabin 'ya'yan mai lahanin ba su gada ba, waɗanda suka gada ba duka za su kamu ba, kuma lahani irin na CDH1 kwafi guda ya ishe shi, don haka ba auren zumunci ne ya kawo shi ba, auren bare ma ba ya kore shi. Masu cewa binciken irin wannan shisshigi ne cikin ƙaddara, su tuna amsar da Sayyidina Umar ya bayar lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Malamanmu sun fi ni sanin wannan, kuma mumbarin Juma'a ya fi kowace takardar asibiti isa kunnen dattijon nan na shagon kemis.

Jihar Kabi ba baƙuwa ba ce a yaƙi da sankara. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta yi shekaru tana wayar da kan mata a kan sankarar mama da ta bakin mahaifa, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC, kuma jihar na da rajistar masu sankara. A kan wannan tubali nake roƙon a ɗora. 'Yan majalisarmu su tambayi ma'aikatar lafiya, a rubuce, na'urar leƙa ciki nawa ke aiki a manyan asibitocin masarautu huɗun nan, Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, likita nawa aka horar a kanta, kwana nawa ɗan naman da aka ɗebo ke yi kafin sakamako ya dawo. Hukumar KECHEMA, mai kula da inshorar lafiya ta jiha, ta sa gwajin bahaya na H. pylori da maganinsa cikin abin da take biya wa 'yan uwan mai cutar. Ƙungiyar masu kemis ta koya wa yaran shago alamomin nan, da ƙa'idar cewa wanda ya dawo sayen maganin olsa wata bayan wata a tura shi asibiti. A katin kowane mai ciwon ciki kuma, daga ƙaramin asibitin ƙauye har na koyarwa, a ƙara layi guda da ma'aikacin lafiya zai cike kafin ya rubuta magani: wa ya taɓa yin irin wannan ciwo a gidanku, yana shekara nawa, kuma yaya ya ƙare. Idan amsar ta zo da mutum biyu, ko da mutum guda da bai kai hamsin ba, a rubuta takardar tura shi gaba a ranar, a ce ya zo da 'yan uwansa.